Agugun da na kawo wa ƙanena daga Maiganga

A lokacin da wannan abu ya faru ni dillalin shanu ne, ɗan Garwa ta ƙasar Kamaru, kakanninmu daga Kano suka zo. Na bi shanu har Yawunde da Duwala, na zauna a Bangi ta Afirka ta Tsakiya, ina jin Fillanci da Faransanci da ɗan yaren Sango na can. A gidanmu idan an ce wani abu, sai a jira a ji yadda na gan shi a wasu garuruwa. Ni ma na saba da hakan, har na ɗauka babu abin da zai shige mini duhu.

Ƙanena mahauci ne a kasuwar Jambutu a nan Garwa, mutum mai barkwanci, mai son tsiren da bai gama gasuwa ba. Tsila ta kama shi, wannan doguwar tsutsar ciki da ake samu a naman shanu. Yana ci yana ramewa. Shekarun da aka karya darajar kuɗinmu na sefa ne, maganin kanti ya yi tsada, kowa ya koma saiwa da ganye. Yakan yi mini tsiya wai duk yawon da nake yi ban taɓa kawo masa komai ba sai labari.

A wata tafiya na tsaya Maiganga, na sami wata tsohuwa mai sayar da agugu. Tsiro ne na bakin rafi a ƙasa mai sanyi, ba ya yi a zafin Garwa. Ganyensa kamar gashin tsuntsu, sabon tohonsa a nannaɗe kamar jelar hawainiya. Ta ba ni ganye da saiwa, ta ce a sha da safe kafin a ci komai, kuma ranar kada mai ko kitse ko man shanu ya shiga cikin mai shan. Ta maimaita da Fillanci, ta kama hannuna ta sake faɗa. Na yi murmushi kawai. A Bangi na ga mai maganin da ke hana tsallaka ruwa, a Yawunde wata ta hana gaisawa da mai jajayen kaya. Sai na jefa maganar tsohuwar cikin irin waɗannan, na ce kowane mai magani da nasa camfin da yake ƙara wa kayansa kwarjini.

Na kawo gida, ƙanena ya sha da safe. Da hantsi cikinsa ya murɗa, ya galabaita. Innarmu ta zo ta tambaye ni ko ta ba shi romon ƙashi da man shanu, don a gidan mahauta da shi ake tayar da duk wanda ya kwanta. Na ce ta ba shi, ta ma ƙara man, zai sa tsutsar ta sulɓe. Ya shanye kwano guda, yana cewa yau Yaya ya zama likita.

Tsilar ta fita kuwa. Amma kafin la'asar ya fara amai, yana cewa duk abin da ya kalla rawaya ne. Washegari ya tambayi matarsa me ya sa ba ta buɗe taga ba, alhali rana na kan fuskarsa. A asibiti likita ya yi mini bayani da Faransanci, don kada Inna ta ji. Ya ce agugu dafi ne da ake so ya tsaya a hanji ya kashe tsutsa, mai kuwa shi ke jan sa cikin jini, kuma jijiyar ido ta riga ta mutu.

Bai sake riƙe wuƙa ba. Ya rayu shekaru yana zama a bakin rumfarsa da ta zama ta wani, yana gane naman cinya da na ƙirji in ya shafa da tafin hannu. Inna ta rasu tana cewa romonta ne ya makantar da ɗanta, ni kuma ban taɓa iya gaya mata an gargaɗe ni ba. Shi na gaya masa. Sai ya ce in ci gaba da kawo masa labarin garuruwa, tunda yanzu labari kaɗai zai iya karɓa.

Ina roƙon mai karatu, ganye ba abin wasa ba ne don ya fito daga daji. Mai tsila ya je asibiti. Idan kuma mai magani ya kafa maka sharaɗi, kada ka auna shi da abin da ka gani a wani gari, ka tambaye shi dalili. Ni ban tambaya ba.