Ɗorin da Kallamu Ya Yi Ranar Barin Inugu

To jama'a, a gyara tabarma a matso kusa. Yau labarin Kallamu maɗori zan ba ku, kuma tun yanzu in gaya muku, ba na dariya ba ne.

Kallamu Babarbare ne, amma shekara goma sha bakwai ya yi a unguwar Obiagu ta Inugu, a wani ɗakin haya shi da matarsa Barira da 'ya'ya uku. Ɗori gadonsa ne, sai dai a ƙafa ya fi suna, daga idon sawu zuwa yatsu. Masu koro shanu, 'yan dako, mahautan da sa ya taka, har Ibo masu haƙar kwal, duk wurinsa ake kawo su.

Ba ya fara taɓa ƙafa mai ciwo. Lafiyayyar yake ɗorawa a cinya, ya bi ta da babban yatsa ƙashi bayan ƙashi, ya juya ta dama da hagu, sai ya gane yadda Allah ya ƙera ƙafar mutumin, sannan ya koma wa ɗayar. In targaɗe ne ya shafa man shanu ya murza. In gocewa ce ya kama dunduniya, ya ja ka da hira, kana cikin ba shi amsa sai ka ji ƙas! Ta koma.

Sai shekarar 1966 ta zo da abin da ta zo da shi. Aka yi kashe-kashe a Arewa, jiragen ƙasa suka riƙa sauke mutanen Gabas, wasu da raunuka, wasu babu 'ya'yansu. Gari ya ɗauki zafi. Aka ce duk ɗan Arewa ya tattara ya tafi, akwai jirgi bayan azahar, kuma ba wanda ya san ko za a sake samun wani.

Da hantsin ranar, Kallamu na ɗaure kaya, sai ga mutum biyu sun rirriƙo Bubayero. Bafulatani ne, ƙato, mai koro shanu a ƙafa daga Adamawa, tsohon abokin wasan Kallamu. An biyo shi a mayanka, ya haura katanga ya faɗa kan dutse. Waɗanda suka kawo shi suka dire shi a bakin ƙofa suka ruga neman iyalansu.

"Bawana, gyara mini ƙafar nan, jirgi zan shiga," in ji Bubayero, gumi na zuba.

"Ji Bafulatanin banza," Kallamu ya ce, yana jawo lafiyayyar ƙafar. "Saniya ma ta fi ka iya tsalle."

Da ya koma wa mai ciwon, yatsansa ya tsaya a gefen idon sawu. Wasa ya ƙare.

"Buba, wannan ba targaɗe ba ne. Ƙashi ya karye, kuma ya goce."

"To ɗora mana."

"In na ja shi ya koma mazauninsa na jera karare, kwana arba'in ba za ka taka ƙasa ba. Taku ɗaya, aikin ya rushe."

"Kwana arba'in a ina? A nan?"

Kallamu ya dubi hanya. Mota babu, amalanke babu. Barira na goye da ɗaya tana riƙe da biyu, shi kuma ko rabin Bubayero bai kai ba, balle ya saɓa shi har tasha, ya kutsa da shi cikin turereniya.

"Akwai wata hanya," ya ce a hankali. "In bar ƙashin yadda yake, in sa itace ƙarƙashin dunduniya in tamke da fata. Za ka taka yau. Amma a karkace zai haɗe, kai da bin shanu har abada."

Bubayero ya dubi ƙafarsa. Tun yana ɗan shekara tara take bin garke.

"Malam Kallamu," ya ce, kuma bai taɓa kiransa haka ba, "kai me ka gani?"

Nan fa. Da Bubayero ya ce masa yi kaza, da sauƙi. Amma ya mayar masa da zaɓin, ga Barira a tsaye tana cewa, "Malam, rana tana yi." Kallamu ya ɗauko fata ya jiƙa. Ya yi bisimilla, ya ɗaure karkatacciyar ƙafa da hannunsa, yana sane, abin da mahaifinsa da kakansa ba su taɓa yi ba.

Bubayero ya taka. Da sanda a hannu ɗaya, kafaɗar Kallamu a ɗayan, suka isa tasha. A tsaye suka yi yawancin tafiyar, don ko wurin tsugunawa babu. A Kafancan suka rabu.

Kallamu ya sauka a Kano. Aka yi yaƙi aka gama, bai koma Inugu ba. Yana gyara targaɗe in an matsa masa, amma in aka kawo karaya sai ya ce a kai wa wani.

Bayan shekara shida, wata rana da la'asar, sai ga Bubayero a ƙofar gidansa, ya rame, yana jan ƙafa a karkace. Gadi yake yi a wani kanti. Ya yi ta tambaya har ya gano gidan.

"Na ji an ce ana sake karyawa a ɗora daidai. Ka yi mini."

Kallamu ya ɗora ƙafar a cinya ya daɗe yana lalube.

"Ya riga ya haɗe da gaɓar, Buba. In na karya, ko jan da kake yi ba za ka samu ba."

Bubayero ya mayar da takalminsa. "Shi ke nan. Ai na rayu," ya ce. Bai ce na gode ba, bai ce ka cuce ni ba. Ko bawana bai kira shi ba. Ya ƙi tsayawa cin tuwo, ya tafi.

Har Kallamu ya rasu ba wanda ya ji ya ce ya yi daidai ko ya yi kuskure. To ku fa, da ƙafar nan a cinyarku take ran nan, jirgi na shirin tashi, wane ɗori za ku yi?