Shekara Goma Sha Tara a Ɗakin Inji

Shu'aibu mutumin wani ƙauye ne a bayan Ringim. Ya shigo Kano da ƙuruciyarsa, ya zauna a wani garejin gyaran injuna a Gama har hannunsa ya faɗa, daga nan aka yi masa hanya zuwa gidan Alhaji Falalu a Nassarawa GRA, ya zama mai kula da janareto. Aikinsa ɗaya ne tak: kada gidan ya yi shiru. Da an ɗauke wuta, kafin Hajiya ta ɗago kai daga wayarta, inji ya tashi. Da wannan ƙugin yake ciyar da matarsa Asabe da 'ya'ya biyar a Kaura Goje, kuma ya sani sarai, ranar da aka daina bukatar inji, an daina bukatarsa.

Gidan ɗaki goma sha huɗu ne, mutum uku ke zaune a ciki. Amma Alhaji yana da doka. Ko sun tafi Umara, ko suna Abuja, inji ba ya tsayawa, kuma iyakwandishan ɗin kowane ɗaki a kunne yake. Wai don kada ɓarayi su gane babu kowa. Ƙarya ce tsagwaronta! A layin nan, gidan da aka daina jin ƙarar injinsa, washegari a ƙofar masallaci za a fara raɗe-raɗin mai gidan ya karye. Haka Shu'aibu ya ƙarar da ƙarfinsa yana sanyaya wa kujeru da labule jiki.

Abin yana ci masa rai, don ya san abin da mai ke iya yi. Yayansa Sanusi yana da injin markaɗe a Gama. Galan ɗaya zai niƙa wa unguwa guda masara da gero, ya markaɗa wa masu ƙosai wake, kowa ya tafi da abin sawa a baki. Shi kuwa a nan duro yake tuttulawa, kwana biyu ya ƙare, babu abin nunawa sai hayaƙi a bango. Ya koma gida ya tarar da 'ya'yansa duk ƙurajen zafi a wuya. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Wa ma ya tambaye shi?

Sai ga Najla ta dawo, 'yar autar Alhaji, wadda tun tana 'yar firamare ya san ta. Ta yi karatu a waje, ta kama aiki a wata cibiyar bincike kan makamashi. Wata Asabar da hantsi ta jawo kujera har ƙofar ɗakin inji, abin da ko ɗan gidan bai taɓa yi ba.

"Baba Shu'aibu, a wurin aikinmu ƙasashe muke aunawa," in ji ta. "Ba yawan man da ƙasa ta ƙona kaɗai ake dubawa ba, a'a, me ta samar da shi? Wata babbar ƙasar ta ƙona kaɗan ta cika kasuwa da kaya, wata ta ƙona tuli ta tashi a tutar babu. Shi ne na ce bari in fara da gidanmu."

"Hajiya ƙarama, ai ni tun ba yau ba nake wannan awon a zuciyata," in ji Shu'aibu.

Mustafa direba ya ja shi gefe. "Malam, ka iya bakinka fa. Ka ce komai lafiya lau, ta gaji ta tafi." Ina! Mutumin da aka shekara goma sha tara ba a nemi shawararsa ba, yau an ce masa Baba, an zauna ana sauraronsa? Ya ɗauke ta ɗaki ɗaki. Ya nuna mata falon baƙi da rabonsa da baƙo tun bikin yayarta. Ya nuna mata firji uku da ba komai a ciki sai ƙanƙara, da fitilun lambu da ke ci da rana tsaka. Bai rage mata komai ba, ya dawo gida ranar yana jin kansa kamar wanda ya sauke kaya.

Da ta kai wa mahaifinta magana a kan a sa sola, ya ce ba a gidansa ba. Ba hujjarta ce ta karya shi ba. Maƙwabcinsa na gaba ne ya rufe rufin gidansa da farantan sola, aka shiga cewa yanzu shiru shi ne yayin manya, ƙara ta masu ƙaramin ƙarfi ce. Sati bai zagayo ba Alhaji ya ce a kira masu sola.

Shu'aibu da kafaɗarsa ya taya su hawa da farantan. Najla ta yi masa alƙawari za ta roƙi Alhaji a bar shi, shi zai riƙa kula da batura. Aikin ba wuya, in ji mai haɗa kayan: ya share ƙura, kuma da ya ji na'urar baturan ta yi kuka, ya zo ya duba.

Ranar Laraba bayan la'asar aka taru a tsakar gida, aka ce Shu'aibu ya kashe inji. Ya murɗa makulli da hannunsa, ya ga injin ya yi girgiza ya tsaya. Ya tsaya yana jiran ƙarar ta ɗauke. Ba ta ɗauke ba. Tana nan cikin kansa, ƙugi ɗaya miƙaƙƙe. Mai haɗa kayan ya danna wani abu don gwaji, na'urar ta shiga kuka a bayan Shu'aibu, taku uku tsakaninsu. Kowa ya waiwaya. Shi kaɗai yana tsaye yana goge hannu da tsumma. Duk shekarun nan da ihu ake yi masa magana a gidan saboda inji, shi ya sa ba wanda ya lura injin ya cinye masa kunne, har shi kansa.

Alhaji ya dubi 'yarsa, ita kuma ta sunkuyar da kai. Sannan ya juyo ya yi wa Shu'aibu magana a hankali, yadda manya ke yi in za su raba mutum da abincinsa. Shu'aibu ya ga baki na motsi, ya ga Alhaji na gyaɗa kai, ya ɗauka yabo ne. Ya durƙusa yana murmushi.

"Na gode, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara arziki."

Najla ta buɗe baki, kuka ya ƙwace mata, ta shige ciki. Ƙarshe Mustafa ne ya sunkuya, ya kafa baki a kunnensa, ya ɗaga murya har masu gadin layin suka ji.

"Cewa aka yi an sallame ka!"

Shu'aibu ya ɗago kai yana kallonsa, murmushin bai gama sauka daga fuskarsa ba.

"Na'am?" in ji shi.