Umaru Na-Tsaye da Zanen Fuskarsa

Duk wanda ya san Umaru a cikinku ya san ba ya zama. Da zarar ya saka shaddar da ta sha sitaci da guga, shi da kujera sai kallo. Wurin ɗaurin aure a tsaye, wurin suna a tsaye, tuwo ma a tsaye yake ci ya turo wuya gaba kamar zalɓe. Lokacin salla kaɗai yake tuɓe babbar rigar ya rataye, ya yi a 'yar ciki. Ni ne telansa shekara da shekaru, shagona na Gwadangaji, don haka ni na fi kowa shan wahalarsa.

Wata rana na ce ya zo daga Argungu ya gwada ɗinki. Sai ga mutumina a bayan akori-kurar albasa ta mutanen Augie, ya riƙe ƙarfe, riga tana tashi kamar tuta. Na ce, "Haba Umaru, ga motar fasinja, mi yak kai ka cikin albasa? Ji yadda kaka wari!"

Ya kaɗe kafaɗa ya ce, "Wari iska ka ɗauke shi, Sani. In riga tat tamushe hwa, wa ka ɗauke man?"

Rannan na ɗauke shi hoto a ƙofar shago na saka a waya jama'a suka gani. Kafin mako ya zagayo mutum huɗu sun zo suna neman irin rigar dogon nan mai zane a fuska. Shi ke nan, na jawo wa kaina! Umaru, manomin shinkafa mai furfura a gemu, ya sanar da duniya cewa ya zama mai tallar sutura. Ya koma koyon tafiya a kan siririyar kunyar da ke raba gonaki a fadama, hannu a ƙugu, manoma suna ta faɗuwa don dariya.

Wansa Alhaji Bello ya kira shi ya ce, "Kai ko kunya ba ka ji? Namiji da ɗiya shidda, ka tsaya ana kallonka awa amarya?"

Umaru ya ce, "Yaya, tun ina yaro aka kallona. Yanzu dai na ba abin suna."

Ana nan sai wani kamfanin tufafi na Ikko ya ga hotunan ya aiko a zo. Wayyo, Argungu ba ta huta ba! Gida-gida ya bi yana sallama, har da maƙiyansa, yana cewa su ci gaba da dariya, za su gan shi a allon bakin titi. Ni na raka shi. A mota dole ya zauna, amma cikin tsohuwar rigar gona, shaddar kuwa tana kwali a kan cinyarsa kamar jinjiri.

Da muka shiga ɗakin hoto, wata budurwa mai kwalliya ta ɗauko hoda mai kauri ta fara cike masa zanen Kabawa da ke kumatunsa. Ya riƙe hannunta a hankali.

"Ɗiyata, mi kika yi?"

Na tambayi manajan wurin da guntun Turancina. Manajan ya ce tsayin ya yi, tafiyar ta yi, amma layukan nan za su kori masu saye. A rufe su, ko mu kama hanya.

Gaskiya ni na tsorata. Na tuna sallamar da ya yi, na tuna bakin mutanen Argungu. Na raɗa masa, "Umaru, hoda ta, wankewa aka yi. Yi haƙuri na awa guda."

Ya dube ni kallon da har yau nake jin kunyarsa. Ya ce, "Sani, kakata tar riƙe ni wanzami yay yi zanen ga. Kowane layi na yi mai kuka. Gaya mai in riga yaka so, ga sanda can, shi rataya. In ni yaka so, ga huskata."

Ya goge hodar da hularsa, ya yi musu tafiyar nan ta kan kunya har ƙofa, ko waiwaye babu.

Mun dawo hannu rabbana. An yi masa dariya, wallahi an yi. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Ikko ba ta shirya ba tukuna." Bayan wata uku suka bugo waya, wai sun sake shawara. Ya ce, "Madalla. Su taho Argungu, ina nan tsaye." Mu faɗi gaskiya, ba su zo ba. Ya ci gaba da zuwa yana tsayuwa a ƙofar shagona, tsofaffi masu irin zanensa suka riƙa zuwa ɗinki, wasu har suna neman a ɗauke su hoto, fuska a buɗe.

Ranar da ya rasu ni na ɗinka likkafanin. Ina gamawa na tsinci hannuna a kan dutsen guga, sai na zauna na yi kuka. Ban taɓa ganin Umaru a kwance ba sai rannan, zanen nan tsaf, babu layin da ya ɓace.

Allah ka jiƙan Umaru, ka yafe masa, ka hutar da ƙafafun nan. Ranar da kowa zai tsaya a gabanka, ka sa ya tsaya da farar fuska. Amin.