Ranar da Inna ta ga ƙanwarta a jikin bango

Shekarun baya, bayan an kawo shari'a gidajen kallo sun yi sanyi, yayana ya dawo daga Umara da kayan da suka tayar da gidanmu na Yalwawa tsaye. Talabijin biyu ne shafaffu, irin na maƙalawa a bango, da dikodar dish, da na'urar faifai, da kyamarar bidiyo. Akwai kuma wani ɗan akwati mai ramuka shida, huɗu na shiga, biyu na fita. Mai shagon da ya sayar masa da kayan ya ce masa da shi za a iya aika hoton kowace na'ura zuwa talabijin ɗin da aka ga dama.

Amma babban abin yana cikin kyamarar. A Makka yayana ya nemo ƙanwar kakarmu, wadda ta tafi aikin Hajji tun kafin a haifi mahaifina, ta yi aure can ba ta dawo ba. Ya ɗauko ta a bidiyo tana gaisuwa. Nan da nan Baba ya aika garin Miga a ɗauko Inna, kakar tamu, ya kuma gayyaci dangi ranar Juma'a bayan la'asar. Maza a falo, mata a ɗakin mahaifiyata, kuma ya ce lokaci guda yake so kowa ya gani.

Ni na ce a bar mini haɗin. Iyakar gwanintata a lokacin ita ce gyaran rediyon Baba, wanda ni ne ma na fara lalata shi. Na kwana biyu ina rarrafe bayan kujeru cikin murna. Na falo ya kawo tas, har gashin girar mai karanta labarai kana iya gani. Na ɗaki kuwa sai ya kawo ya ɗauke, don wayar ta yi tsawo, ta zagaya ta tsakar gida. Ƙarshe na roƙi mahaifiyata ta bari na huda bangon da ke tsakanin ɗakunan. Ta ce in huda, amma in bango ya tsage in nemi gidan kwana.

Da ranar ta zo, gida ya cika. Har malamin da ya koya wa Baba karatu ya zo, aka ba shi kujerar gaba. Aka tayar da janareta, na riƙe rimot ina jin kaina injiniya, na danna. Daga ɗakin mata na ji salati ya tashi, na san hoton ya isa. Na ɗago kai, ashe hoton dish na aika wa falo: ƙattin Turawa biyu suna kokawa, daga su sai ɗan kamfai. Malam ya gyara zama ya ce, "Ɗana, canja mana. Amma mai jan wandon nan ba zai kai labari ba."

Dariya ta ɓarke, na gyara, na ruga ƙofar ɗaki in leƙa.

Inna, wadda idonta ya yi rauni, ta taso daga tabarma har gaban talabijin. Fuskar ƙanwar tata ta cika bango, kowace tsaga ta kumatunta a fili. Inna ta sa yatsa tana bin tsagar.

Tsohuwar da ke cikin talabijin ta ce, "Yaya, kina lafiya? Ina gaishe ki."

"Lafiya lau," in ji Inna. "Ke, haka kika tsufa?"

Mata suna dariya suna share hawaye, maza a falo suna kabbara. Inna ta sa na maimaita har aka kira magariba, kuma duk lokacin da aka gaishe ta sai ta amsa.

Yanzu a waya muke kiran jikokin tsohuwar, muna ganin juna, ba wanda yake ko gyara zama. Ni kam har yau in zan haɗa wa wani talabijin, nakan sake duba wayoyin kafin na danna, sai na ji kamar akwai wanda ke jira a ɗaya ɗakin.