Ranar da kwamfuta ta tsaya a kan sunan Mma

Har yau in na ga saƙon nan na kwamfuta mai cewa stak ya cika, raina ɓaci yake yi.

Danginmu jikokin fataken goro ne na Salaga, wasu sun watsu Yendi, wasu Bawku. Da za a yi taron zumunci, aka ce tunda aikina rubuta manhaja ne, in yi wadda za ta bi asalin kowa har kan kakanmu na farko. Mma, mahaifiyata, ta fi kowa murna. Ta tsufa ana yi mata raɗa cewa ubanta ba ɗan gida ba ne, agola ne. So take a wanke ta a gaban jama'a.

Aikin ba wuya. Manhajar ta yi tambayar waye uban mutum, ta ajiye tambayar, ta ɗora ta uban ubansa a kai, kamar tulin doya. Tulin nan shi ne stak, kuma harshen kwamfutar da na yi rubutun da shi ya yanka masa iyakar tsawo. Sunayen kuwa gidan Kawu na Bawku suka shigar, suka aiko mini ana gobe taro.

A tsakar gidanmu na Salaga aka haska manhajar a bango. Kowa aka kira, asalinsa ya fito. Aka zo kan Mma, abu ya tsaya cak, wai stak ya cika. Na ce wuri ne ya yi kaɗan, na ninka iyakar. Ya sake cika. Na ƙara har kwamfutar ta ɗauki zafi, ta mutu.

Kawu ya yi dariya, ya ce, "Kai ɗan nan, bar wahalar da ƙarfe. Ko gidan nan ka ba shi ba zai samo abin da babu ba."

Wallahi aka yi dariya, har da waɗanda suka ci tuwonta a Yendi. Mma ta gyara mayafi, ta tashi.

Bayan an watse na gano. Uban Mma sunan kakansa ya ci, yadda ake yi a kowane gida namu. Su Kawu suka ga suna ɗaya, suka haɗe mutum biyu wuri guda. Mutum ya zama kakan kansa, manhaja tana ta zagaye. Ina iyakar da za ta ishi wannan? Na buga wa Kawu waya, ya ce ai taro ya wuce, kada in tayar da rigima. Shi ke nan fa abin da ya ce!

Na raba sunayen, na mayar da iyakar yadda take tun farko. Asalin Mma ya fito tsaf har kan bafataken, kakanmu na farko. Na ɗauki kwamfuta na kai mata Yendi, na same ta tana tsince shinkafa.

Ko kallon allon ba ta yi ba. Ta ce, "A gaban mutane aka cire ni, a ɗaki za ka mayar da ni?"

Ba ta ƙara taka Salaga ba har ta rasu.