Ɗan Farin Inna Mai Tuwo

Da na gama karatun kula da masu damuwa da ƙuncin zuci na dawo Agege, a birnin Eko, mahaifina ya rasa yadda zai bayyana wa abokansa na mayankar Oko-Oba abin da na karanto. Sai ya yanke musu a gajarce, wai aikina shi ne in zauna in ji surutun mutane, abin da uwata ta daɗe tana yi ba tare da ta shiga jami'a ba. Suka yi dariya, amma tun daga ranar suke ce mini likita, kuma na san har ransa yana jin daɗin hakan.

Ɗaki aka ba ni a wani ƙaramin asibitin unguwa, da kujera biyu da fanka mai ƙara. Yarbawa suna zuwa, Ibo suna zuwa. Mutanena kuwa sai su leƙo su ce Allah ya ba da sa'a, su wuce wajen awon jini. Ban ga laifinsu ba. A zango, unguwarmu ta Hausawa, duk wanda aka ga ya shiga ƙofata, kafin la'asar an gama cewa ya taɓu, alhali yana da 'ya'yan da za a zo neman aurensu.

Ana nan sai wata ƙawata ta firamare ta shigo, ta rufo ƙofa da kanta. Uwarta ce Inna mai tuwo, wadda rumfarta ke bakin mayanka tun kafin a haife mu. Ba mahaucin da bai ci tuwonta ba, ba kuma wanda bai sha faɗanta ba. Babban ɗanta, direban motar nama, ya rasu a haɗari a hanyar Ojota. Ƙawata ta ce Inna ba ta yi kuka ba, ita ce ma ke ba masu ta'aziyya haƙuri, ana ta yaba ƙarfin imaninta. Amma tun daga lokacin ba ta ci, ba ta barci, tana tsayawa da muciya a hannu har tuwo ya kama. An yi rubutu, an yi tofi. Yanzu ƙannen mamacin maza sun yanke shawara, idan aka yi sallar layya ba ta dawo daidai ba, za su rufe rumfar su mai da ita ƙauyensu a Katsina, inda rabonta da zama tun tana amarya. Ni da ƙawata mun san in aka raba Inna da rumfar nan an gama da ita.

Na san ba za ta taka ofishina ba, don haka ni na bi ta. Na cire farar riga, na ɗaura zani, na zauna ina yanka mata kuɓewa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe likitocin Eko aiki ya ƙare musu. Ta kuma ƙwace wuƙar ta nuna mini yankan, wai nawa kamar na mai jin haushin kuɓewar.

A makaranta an koya mana cewa mai makoki yana samun sauƙi idan ya ambaci mamacinsa, ya kira sunansa, ya ba da labarinsa. Gaskiya ne, na ga amfanin hakan. Sai dai waɗanda suka rubuta littattafan ba su san kunyar ɗan fari ba. Inna ba ta taɓa faɗin sunan ɗan nan ba tun da ta haife shi. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane ba, ba ta yabe shi ba. Idan ya shigo rumfa sai ta kau da kai, ta ce wa mai wanke-wanke a zuba wa wancan. Yanzu ya mutu, kunyar ba ta mutu ba. In ta yi masa kuka, a ganinta ta yi rashin ta ido a gaban duk zango. Ni kuma ba zan tsaya a rumfarta in ce mata al'adar da ta riƙe tsawon rayuwarta kuskure ce ba.

Na yi ta zuwa bayan tashi daga aiki, muna hirar tsadar gas da rashin kunyar yaran yanzu. Wata rana da masu ci suka watse, na tambaye ta a cikin duk masu cin tuwonta wane ne ya fi ba ta wahala. Ta lissafo wani mai fata daga Maraɗi da wani ɗan dako mai ƙarin miya sau uku. Ta ci gaba da kankare tukunya.

"Akwai wani direba," in ji ta. "Wannan kam wahala ce tsantsa."

Na ce me yake yi, Inna.

Ta ce ba ya cin tuwo sai da ƙanzo, babba da shi. Yaji kuwa kamar Bayarabe. Ba ya zama a benci, sai a kan buhun gawayi ya ba ta baya, don kada ya takura ta. Idan ya gama ba ya sallama, sai ya ɗauki jarkokinta ya cika su da ruwa ya ajiye. Ta ce ita kuma tun da asuba take ɓoye ƙanzon a ƙarƙashin faifai, in wani ya tambaya ta ce babu.

Daga ranar kullum sai mun taɓa zancen direban nan. Ban taɓa ce masa ɗanta ba, ita ma haka. Ta ba ni labarin ƙyandar da ya yi yana ƙarami a gidan kakarsa, wai ji ta yi a wajen mutane, alhali na san a bayan taga ta kwana. A wajen labarin nan take manta kanta ta kai loma baki. Na kuma lallaba ta muka ga likita saboda barcin, da sunan awon jini. Na nemi ƙannen su ƙara mana lokaci, suka ce su dai suna nan a kan sallar layya, sai abin da suka gani.

Ana saura 'yan kwanaki salla, raguna sun cika titi, ta ce in saki labulen rumfar. Ta tambaya ko gaskiya ne a wayar 'yarta akwai hoton mutumin. Na ce akwai, ƙawata ta turo mini ma, na miƙa mata wayata. Ta goge hannu a zani ta karɓa.

"Ƙeyarsa na sani, 'yar nan," ta ce. "Kullum ƙeyarsa."

Ta daɗe tana kallo, ta matso da wayar kusa da ido, ta sa ɗan yatsa a kan gemunsa.

"Ashe har ya fara furfura."

Sai kukan ya zo. Na tashi na tsaya a bakin labule, duk wanda ya zo da kwano na ce masa tuwo bai nuna ba, ya dawo an jima.