Fom Ɗaya, Yara Biyu

Na karanta tarihin ƙasar Katagum gwargwadon ƙarfin malamin makaranta, kuma ina tabbatar maka, mai karatu, tun da aka kafa ta ba a taɓa zaman shari'a mai nauyin wadda aka yi a ƙofar gidanmu a Azare ba, kan tabarma ɗaya, tsakanin la'asar da magariba, har wata guda cur. Abin da ake shari'ar a kansa shi ne: tsakanina da ɗan Baffa, wa ya fi alamar zai zama wani abu a ƙwallon kwando. Jiya ina cikin aji na ji wani ɗalibi yana buga ƙwallo a siminti, dum, dum, dum, sai zaman nan ya dawo mini gaba ɗaya, har da ƙamshin gyaɗar da Baba ke ɓarewa yana magana.

Baffa ƙanin Baba ne, gida ɗaya muke, kuma shi ne malamin wasanni a sakandaren da muka yi. Shi ya fara kawo ƙwallon gidan, ya sa mai walda ya lanƙwasa mana zoben ƙarfe aka kafa a jikin falwaya kusa da bishiyar maina. Ni da babban ɗansa watanni uku ne tsakaninmu. Kwano ɗaya muka ci, rana ɗaya wanzami ya zaunar da mu, kuma da muka girma muka shiga ƙungiyar makaranta wuri ɗaya muka nema: 'yan baya, masu ɗauko ƙwallo daga gida su raba wa sauran, ko su jefa daga nesa in hanya ta toshe.

Wasanmu kuwa bai yi kama ba ko kaɗan. Ni gudu gare ni da zafin nama, in na samu rata zan jefa, kuma sau da yawa takan shiga. Shi a hankali yake tafiya da ƙwallo kamar wanda ya ɗauko kwanon fura cike. Yana kallon gabas zai miƙa ta yamma, sai ka ga ta faɗa hannun mutumin da shi kansa bai san ya samu fili ba. In na ci, 'yan kallo su yi ihu. In ya bayar aka ci, sai an koma gida ake tuna shi ya bayar.

Muna shekarar ƙarshe, da bazara, takarda ta zo daga Bauchi. Wata ƙungiya mai ɗaukar 'yan wasa aiki za ta yi gwaji, kuma an ba makarantarmu gurbin ɗan baya guda ɗaya. Fom ɗaya ne, layin suna ɗaya, kuma Baffa ne zai cike. A nan aka shimfiɗa tabarma.

"Malam, ai maganar ba ta da tsawo," in ji Baba. "Naka za ka tura. Wannan nawa, in ka ɗaure masa hannun dama ko ƙyauren zaure ba zai iya turawa ba."

"Haba Yaya," in ji Baffa. "Wancan? Wancan da ke tafiya a fili kamar an aike shi cefane bai so ba? Naka ne mai wuta."

Haka aka yi ta yi kullum. Ban taɓa ganin shari'ar da kowane lauya ya tashi haiƙan yana rusa wanda yake karewa ba sai wannan. Wani Alhaji maƙwabcinmu, mutumin Barno, wanda bai taɓa ganin wasan ba ko a talabijin, ya ba da shawara a yi ƙuri'a da tsinke. Su biyun suka haɗu suka ce masa wannan harkar ilimi ce.

Ina cikin zaure na ji maganar Baba kan hannuna, kuma na ɗauke ta yadda ta fito. Ciwonta shi ne gaskiya ce. Duk wanda ya tare ni ta dama ya gama da ni. Ranar na ƙudura cewa ko hannun hagun nan ya koyi aiki ko ya tsinke.

Na cusa hannun dama cikin mazagin wando na ɗaure. Hanyarmu yashi ce, ƙwallo ba ta tashi a kanta, don haka na koma wani tsohon daɓen siminti da ake shanyar gyaɗa a bayan unguwa. Bayan asuba ina can, bayan azahar ina can, lokacin da simintin ke ƙona tafin ƙafa ta cikin kambas kuma ko awaki sun nemi inuwa. Yatsuna suka tsage, kafaɗa ta riƙe. Da hagu nake jan guga, da hagu nake shara. Har wata rana himma ta kai ni na miƙa shi cikin tuwo. Goggo, yayar su Baba, muciya ta ɗauka.

"Hagu a kwanona? In Bauchin ce ke koya maka wannan, ka je can ka ci."

Abin da ya fi ba ni mamaki, ɗan Baffa ne ke raka ni daɓen. Zai tsaya yana jefo mini ƙwallo ta hagu, sau ɗari, sau ɗari biyu, yana cewa, "Ɗago kanka. Ka daina kallon ta, ba guduwa za ta yi ba." Ban ɗauka ba ya son tafiyar Bauchin ba. Na ga ya wanke kambas ɗinsa da toka ya jingina a katanga tun ranar da takardar ta zo.

Ranar da hadarin farko ya haɗu, iska tana kaɗa ganyen maina, Baffa ya zo fili ya tsaya yana kallo. Na bi ta hagu na wuce mutum biyu na zura. Da yamma ya kira ni ɗakinsa, ya ɗauko biro, ya rubuta sunana da rubutunsa na malamai, harafi bayan harafi. "Je ka gaya wa Yaya," ya ce. Ɗan Baffa ne ya ɗaukar mini jaka har tasha. Ina cikin mota ina kallon hannuna na hagu kamar mai kallon takardar shaidar gama makaranta.

Shekaru da yawa ina ba da wannan labari a aji, a matsayin darasi kan naci. Yaran yanzu sukan kawo mini waya su nuna mini samarin 'yan baya biyu na ƙasashen waje, su ce, "Malam, wa zai fi nisa?" Kowa da lissafinsa, wannan ya jefa kaza, wancan ya raba kaza. Iyaye ma sun canja. Ranar gasa za ka ga uba a bakin fili yana ƙwala sunan ɗansa har muryarsa ta dushe, yana ɗaukar hoto. Ban ce laifi ba ne. Na dai ce a gidanmu da an kira masa mai ruƙiyya.

Bara, a wani suna da aka yi a gidan, na sake ɗauko labarin gaban Goggo, wadda yanzu sai an riƙe ta take tashi. Ɗan Baffa ma ya zo daga Chinade, inda yake sayar da kayan babur. Ta bari na kai ƙarshe sannan ta ce:

"Wane hagu? Ɗan farin Baffanku ne fa. Mutumin da bai taɓa kiran sunan yaron nan da bakinsa ba, shi zai zauna ya rubuta shi da biro, har mutanen Bauchi su karanta?"

Na juya wurin ɗan Baffa. Dariya yake yi.

"Ka sani?"

"Tun ranar da takardar ta zo. Kambas ɗin ma don kar zuciya ta ce ban shirya ba ne."

"To, me ya kai ka daɓe da tsakar rana?"

"In za a tura mutum da sunan gidanmu, ai gara ya tafi da hannu biyu."

A Bauchi kuwa, abin da ban cika faɗa wa ɗalibai ba, da safe aka jera mu jikin bango. Wani koci ya ja layi da alli, ya ce duk wanda kansa bai kai ba ya ɗauki jakarsa. Yatsu biyu suka rage mini, ko ƙwallo ban taɓa ba. Ɗan Baffa ya fi ni tsawo da yatsu huɗu.